Rajista da Cancantar Masu Sa Ido kan Cinikin Takardun Jari da Kuɗin Kamfani: Nazari daga Karar Dakoro zuwa Kasuwar BRVM

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sharuɗɗan da ake gindaya wa wanda ke sa ido a kan ma'aikatan da ke saye da sayar da takardun jari da kuɗin kamfaninsu. An nazarci tsarin Amurka da na yankin kuɗi na UMOA, wanda Nijar ke ciki, aka waiwayi na Najeriya a taƙaice, sannan aka auna su da yadda dillanci ke tafiya a kasuwar dabbobi ta Dakoro da ke jihar Maradi. An dogara da dokokin hukumomi, da rahotannin da aka fitar bayan manyan hasarori uku, da ayyukan masana kan dillancin Hausawa. Binciken ya tsaya a kan cewa sa ido ba ya amfani sai mai yin sa ya san cinikin da hannunsa, kuma abincinsa bai rataya a kan ribar wanda yake dubawa ba.

Gabatarwa

Kamfanin dillancin takardun jari yana ciniki iri biyu. Akwai wanda yake yi da kuɗin mutane bisa umurninsu, ya ɗauki la'adarsa. Akwai kuma wanda yake yi da aljihunsa, in an ci nasa ne, in an faɗi nasa ne. Na biyun nan za mu kira cinikin gida. A ciniki na farko akwai mai kaya, wanda zai zo ƙarshen wata ya ce a nuna masa lissafinsa, kuma tambayarsa kaɗai tana hana ɓarna da yawa. A cinikin gida babu mai zuwa daga waje ya yi wannan tambaya. Daga ma'aikacin da ke danna kwamfuta sai shugabansa na kusa. In shugaban bai fahimci abin da ke kan allon ba, to babu mai gadi ke nan, ko da an rubuta sunansa a takarda.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa Dakoro da wannan magana. Albashin malamin makaranta da na ma'aikacin asibiti a Dakoro ta banki yake biyowa, kuɗin falken da ya kai shanu Najeriya ma yakan kwana a banki, bankunan kuma suna zuba wani kaso na abin da ke hannunsu cikin takardun bashin gwamnatoci. Wanda ke yanke shawarar nawa za a saya, na wace ƙasa, zuwa wane wa'adi, yana zaune a Yamai ko Abijan, amma cikin kuɗin da yake juyawa har da na mutanen Dakoro.

Abin da kara ta daɗe da sani

Dakoro tana kan iyakar ƙasar noma da ta kiwo, kusa da kwarin Tarka, inda Hausawa da Fulani da Buzaye ke haɗuwa a kan dabba. Makiyayi ba ya shiga kara ya tsaya yana tallar sansa da kansa. Yakan damƙa igiya a hannun dillalin da ya sani. Dillalin ya buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya lura da shaidar da ke jikin fata. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, dillalin ya ja makiyayin gefe su yi ƙus-ƙus, a dawo a sallama. La'adar da yake karɓa ba ta kai-komo kaɗai ba ce, har da ta tsayawa: in gobe aka ce san nan na sata ne, shi za a nema.

A cikin karar kuma akwai ɗan baranda, wanda ke saye da kuɗinsa da safe ya sayar kafin la'asar. Ba a ganin laifinsa, don ya sa dukiyarsa ne a gaba. Abin da ake ƙi shi ne mutum ɗaya ya sa riguna biyun a kan dabba ɗaya, wato dillali ya karya farashin san da aka ba shi amana, ya saye ta hannun yaronsa, ya sayar da riba bayan mai shi ya juya baya. In irin wannan ƙara ta taso, gaban shugaban dillalai ake kai ta, kuma ba a ɗora wa wannan kujera wanda bai taɓa riƙe igiya ba, domin wanda bai san farashin ranar ba ba zai gane an yi ha'inci ba. Polly Hill ta bayyana tsarin masu masauki da dillalai a Kumasi a 1966, Abner Cohen ya yi nasa a kan Sabon Ibadan a 1969, Emmanuel Grégoire kuma ya rubuta a kan Alhazan Maradi a 1986. Duka sun nuna cewa fataucin Hausawa ya tsayu ne a kan mutumin da ke lamuncewa da sunansa. Malaman fiƙihu ma sun sa ilimin abin da ake dubawa cikin sharuɗɗan muhtasibi, wato mai duba kasuwa.

Hasarori uku

Bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa a 1762, ya rushe a Fabrairun 1995 a hannun ma'aikaci ɗaya, Nick Leeson, a ofishin Singafo. Leeson shi ne shugaban masu ciniki, shi ne kuma mai kula da sashen da ke tantance cinikin ya shigar da shi littafi. Da rana yana saye da sayarwa, da yamma ya zauna ya rubuta wa kansa shaida. Duk hasarar da ya yi sai ya tura ta wani asusu mai lamba 88888, ya aika wa Landan rahoton riba. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995 kasuwar Japan ta faɗi, ya ci gaba da ninka caca don ya farfaɗo, har ramin ya kai fam miliyan 827. An sayar da shi ga bankin ING a kan fam ɗaya. Abin lura a nan shi ne shugabanninsa sun yi ta aika masa kuɗi yadda ya nema. Ribar da yake nunawa ta fi ƙarfin irin cinikin da ya ce yana yi, kuma duk wanda ya taɓa yin cinikin zai tsargu tun a watannin farko. Su ba su fahimce shi ba, kuma kasonsu na ƙarshen shekara daga wannan ribar yake fitowa.

Shekara goma sha uku bayan haka, a Janairun 2008, bankin Société Générale na Faransa ya yi hasarar yuro biliyan 4.9 wajen warware cinikin Jérôme Kerviel, wanda ya kai kusan yuro biliyan 50. Binciken da bankin ya yi da kansa ya nuna cewa shugaban Kerviel na kusa ba shi da gogewa a wannan ciniki. Hukumar kula da bankunan Faransa ta ci bankin tarar yuro miliyan 4, kuma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta rage diyyar da aka ɗora wa Kerviel zuwa yuro miliyan 1, saboda sakacin bankin yana da hannu a ɓarnar. A Satumban 2011 aka sake kwatawa a ofishin UBS na Landan, inda Kweku Adoboli, haifaffen Gana, ya jawo hasarar dala biliyan 2.3, bankin kuma ya biya tarar fam miliyan 29.7. A duka ukun jaridu sun fi riƙe sunan yaron da ya yi cinikin. A ganina rahotannin sun fi yin magana a kan kujerar da ke samansa.

Tsarin Amurka

Amurka ce ta fi fayyace wannan kujera a dokarta. A da akwai jarrabawa biyu, Series 55 ta masu cinikin hannun jari da Series 56 ta masu cinikin gida. Daga 4 ga Janairun 2016 hukumar FINRA da kasuwannin ƙasar suka haɗe su cikin Series 57, suka kuma ware rajista ta musamman ga mai sa ido a kan masu ciniki. Sharaɗin yana da hawa biyu. Sai mutum ya fara samun rajista a matsayin mai ciniki, sannan ya ci Series 24, jarrabawar shugabanni mai tambaya 150, wadda ake ci da kashi 70 cikin ɗari. Wanda ke da Series 24 kaɗai zai iya shugabantar wasu sassa na kamfani, amma teburin ciniki ya haramta gare shi. Tun 1 ga Oktoban 2018 an ƙara jarrabawar share fage ta SIE, aka tattara sharuɗɗan a doka mai lamba 1220, kuma daga 2023 karatun sabunta ilimi ya koma na kowace shekara.

Dokar ta bi ciniki har cikin kwamfuta. A ranar 1 ga Agustan 2012 wata manhaja ta kamfanin Knight Capital ta ɓalle tana ciniki ba kai ba gindi, cikin minti 45 aka yi hasarar kimanin dala miliyan 440. Daga Janairun 2017, wanda ke da babban alhakin tsara irin wannan manhaja, da mai kula da shi yau da kullum, dole su yi rajistar mai ciniki.

Jarrabawa tana da iyakarta. Tana auna sani, ba ta auna ƙarfin halin da mutum zai ce wa mai kawo wa kamfani riba ya dakata. Ingila ta bi ta wannan ɓangaren: tun Maris 2016 kowane babban jami'in banki yana da takardar da ta zayyana abin da ke wuyansa, ta yadda in ɓarna ta auku a sashensa ba zai fake da cewa shawarar kwamiti ce ba.

Nijar da yankin UMOA

Nijar ba ta da kasuwar hannun jari tata ita kaɗai. Tana cikin BRVM, kasuwar ƙasashe takwas da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 16 ga Satumban 1998, tana kuma da reshe a Yamai. Bank of Africa Niger yana cikin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a can. Mai kula da kasuwar ita ce hukumar da aka kafa a 3 ga Yulin 1996 da sunan CREPMF, wadda ta koma AMF-UMOA a 2022. Ita ke ba kamfanonin dillanci, wato SGI, izinin aiki, ita ke ba ma'aikatansu katin sana'a, kuma ta ɗora wa kowane kamfani samun jami'in binciken cikin gida. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga wannan tsari ba. A Najeriya hukumar SEC ta raba rajistar dillali da ta mai ciniki da kuɗinsa, tana kuma yi wa jami'an kamfani rajista da sunayensu, yayin da cibiyar CIS, da aka kafa da doka a 1992, ke shirya jarrabawar sana'ar.

Sai dai a Nijar cinikin gida mafi nauyi ba na hannun jarin kamfanoni ba ne. Yana cikin sashen baitulmalin bankuna, inda ake sayen takardun bashin gwamnati a gwanjon da hukumar UMOA-Titres ke shiryawa tun kafa ta a 2013. Bankunan nan suna ƙarƙashin babban bankin yankin, wato BCEAO, da hukumar kula da bankuna ta UMOA. An daɗe ana ɗaukar takardar gwamnati a matsayin kuɗi a hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe mata ƙofar kasuwar yankin, biyan bashi ya tsaya har sai bayan da aka ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairun 2024. Duk bankin da ya tara takardun Nijar ya ga watanni yana riƙe da dukiyar da ba ta kawo komai. Ba wani ma'aikaci da ya yi ha'inci a nan. Tambayar ita ce wa ya sa iyakar abin da za a saya, kuma ya san abin da yake sa wa hannu.

Abin da ya kamata a rubuta cikin doka

Katin sana'a ya riga ya zama harsashi, sauran a ɗora gini. Kada a ba kowa kujerar sa ido a kan cinikin gida sai ya riƙe katin mai ciniki, ya yi aikin da hannunsa, sannan ya ci jarrabawa ta biyu a kan iyakokin haɗari, da raba kuɗin kamfani da na jama'a, da hana shiga gaban umurnin mai kaya. A haramta masa taɓa littafin tantancewa, kuma a yanke alaƙar ladansa da ribar teburin da yake dubawa, domin nan ne Barings ya karye. Sharaɗin ya hau kan SGI da baitulmalin banki daidai wa daida, wanda ke nufin AMF-UMOA da hukumar bankuna su zauna su daidaita ma'auninsu.

Za a ce ƙwararru sun yi kaɗan a Yamai, kuma ƙaramin kamfani ba zai iya ɗaukar mutum uku a aikin da ɗaya ke yi ba. Gaskiya ne, amma maganinsa horarwa ne, kuma Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi suna iya ɗaukar wannan nauyi tare da hukumomin. Kamfanin da bai kai ya biya mai sa ido na gaske ba, ya tsaya a dillanci ya ci la'adarsa, ya bar cinikin gida sai ya yi ƙarfi. Sunayen masu riƙe da wannan kati kuma a wallafa su a fili, yadda falke a Dakoro zai iya dubawa a wayarsa kafin ya miƙa kuɗinsa.