Ciwon toshewar huhu: abin da hayaƙi ke yi wa numfashi, da yadda ake zama da shi

Akwai wani ciwo da ya daɗe cikin gidajenmu na Sarkin Yamma da kewaye amma ba a cika sanin sunansa ba. Za ka ga tsohuwa ta shekara da shekaru tana tari, in ta je rijiya sai ta tsaya sau biyu ko uku tana haki, a ce tsufa ne ko sanyi ya kama ta. Sau da yawa ciwon toshewar huhu ne. Likitocinmu suna rubuta shi BPCO da Faransanci, a Najeriya kuma COPD ake rubutawa. Ku riƙe haruffan nan, don kuna iya ganinsu a takardar likita.

Mene ne wannan ciwo?

Huhu kamar icce ne mai rassa. Iska na bin maƙogwaro, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi, ta isa wasu ƴan jakunkuna inda take shiga jini. Idan mutum ya yi shekaru yana shaƙar hayaƙi ko ƙura, hanyoyin sai su kumbura, su ƙuntace, majina ta cika su, jakunkunan kuma su saki kamar tsohuwar roba. Iska ta shiga, fitarta ta zama aiki. Abin da ya lalace ba ya komawa daidai, shi ya sa ciwon ba ya warkewa kwata-kwata. Amma ana iya taka masa birki, mutum ya ci gaba da harkokinsa shekaru masu yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5, shi ne na huɗu cikin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Cikin waɗanda yake kashewa ƙasa da shekara 70, kusan kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin namu.

Me ke kawo shi a nan?

A Turai da Amurka taba ce kan gaba, ita ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na masu ciwon. A ƙasashe irin namu rabonta kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki kuma yana da babban hannu. To, a nan ne batun ya shafi iyayenmu mata. Macen da ta fara hura wuta tun tana ƴar shekara goma, safe da yamma, da icce ko kara ko kashin shanu, cikin madafa marar taga, kafin ta kai 50 ta sha hayaƙin shekara 40 ba ta taɓa riƙe sigari ba. Jaririn da ke goye a bayanta ma yana shan nasa, kuma huhun da bai girma da kyau ba a yarinta ya fi saurin gazawa a girma.

Masu tuyar ƙosai da waina, masu ƙuli-ƙuli, masu tsire da masu gasa burodi duk cikin hayaƙi suke wuni. Ga ƙurar sussuka da shiƙa, ga ta injin niƙa, ga ledar da ake hura wuta da ita. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ko yake da asma tun yana yaro, shi ma haɗarinsa ya fi. Shisha da taba gari da ake zuƙa a lofe duk hayaƙi ne, ba su fi sigari sauƙi ba.

Alamominsa

Yawanci yana bayyana daga shekara 40 zuwa sama, kuma a hankali yake shigowa. Tari da ba ya ƙarewa, majina musamman da asuba, haki in an yi ɗan aiki, ƙirji na kuka kamar usur, da yawan gajiya. Manomi zai ga kunyar da yake nomewa a tashi ɗaya yanzu sai ya huta a tsakiya. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo da sanyi da wutar da ake jin ɗumi cikin ɗaki sukan tayar da shi.

A kula: alamomin suna kama da na tarin fuka, da asma, da ciwon zuciya. Duk tarin da ya wuce mako biyu, a je likita a gwada majina. Tarin fuka yana yaɗuwa, amma yana warkewa da magani na wata shida, kyauta. Ciwon toshewar huhu kuwa ba a ɗaukarsa wurin wani, don haka babu dalilin ware kwanon mai shi ko gudunsa. Ana tabbatar da shi da gwajin busa iska cikin wata na'ura. A fara da CSI mafi kusa. In da buƙata su za su tura mutum Madarunfa ko Maraɗi.

Rigakafi

Mai shan taba ya daina, ko shekararsa nawa. Babu maganin da ya kai wannan. Tun 2006 Nijar ke da dokar yaƙi da shan taba, amma cikin ɗaki maigida ne mai doka: kada a sha kusa da iyali.

Girki kuma, in ba ruwa ake yi ba, a yi shi a fili. Madafa a huda mata taga sama, ta yadda hayaƙi zai samu mafita. A busar da icce sosai, ɗanye ya fi hayaƙi. A bar hura wuta da leda ko roba. A sauke goyo a nisanta yara daga murhu. Murhu mai tattalin icce yana rage hayaƙi, gas kuma ya fi shi nesa. Wajen sussuka da shiƙa a ba iska baya, a rufe hanci da baki. Kada a kwana da gawayi ko wuta a rufaffen ɗaki.

Zama da ciwon

Babban maganinsa na shaƙa ne, irin su salbutamol, wanda mutane suka fi sani da Ventoline. Yana buɗe hanyoyin iska. Akwai na gaggawa, akwai na kullum. A roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake shaƙarsa, don da yawa a baki maganin ke tsayawa bai isa huhu ba. Ba ya sa maye, kuma amfani da shi ba alamar ajali ba ne. Ƙwayoyin masu talla a kasuwa da ruwan maganin tari ba sa buɗe huhu. Wasu ma in an daɗe ana sha suna kumbura jiki, su kawo ciwon suga.

Kada mai ciwon ya kwanta ya ce ya gama aiki. Zama wuri ɗaya yana kashe ƙarfin jiki, haki ya ƙaru. Ya riƙa ɗan tattaki kullum, yana hutawa. In numfashi ya tsananta, ya zauna ya ɗan sunkuya, hannuwa bisa gwiwa, ya ja iska ta hanci, ya fitar da ita a hankali ta baki kamar mai hura kunu mai zafi. Ya ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da wake, ƙwai, nono da zogale, don ciwon na ramar da mutum. Batun azumi, a tuntuɓi likita da malam tun kafin wata ya kama.

A garzaya likita ko cikin dare ne idan haki ya hana magana, leɓe ko farce sun yi duhu, majina ta canza launi da zazzaɓi, ƙafafu sun kumbura, an ga jini a tari, ko mutum ya rikice yana ta gyangyaɗi.

Ga ƴan'uwa da ke waje

Ku da ke Yamai, Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya, in kun kira gida kun ji Inna na tari a waya, ku tambaya tun yaushe. Cikin abin da kuke aikowa ku ware kuɗin mota zuwa likita da na maganin shaƙa kafin ya ƙare. In da hali, a sai mata gas, a kuma ɗauki nauyin cika tukunyar, don kada ta ƙare a koma wa kara. In babu, kuɗin magini ya huda taga a madafa ba shi da yawa. Masu ciwon Allah ya ba su sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.