Laburare ko Firamwok: Nazarin Zaɓin Kayan Gina Manhaja ta Misalin Flask da Django

Bambancin laburare da firamwok ya ta'allaƙa ne kan wanda ke riƙe da ragamar aiki. Laburare tarin kod ne da maginin manhaja ke kira idan buƙata ta taso. Firamwok kuwa shi ke kiran kod ɗin maginin, bayan ya shata masa inda kowane abu zai zauna. Ralph Johnson da Brian Foote sun yi bayanin wannan juyin ragama a maƙalarsu ta 1988.

A harshen Python lamarin ya fito fili. Firamwok ɗin Django ya samo asali ne a kamfanin jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, a hannun Adrian Holovaty da Simon Willison, aka sake shi ga jama'a a 2005. Gaggawar aikin jarida ta bar masa alama, domin yana zuwa da hanyar sarrafa rumbun bayanai, da tsarin rajista da kalmar sirri, da shafin gudanarwa, da kariya daga wasu sanannun hare-hare. Flask, wanda Armin Ronacher ya fitar a 2010, ƙaramin firamwok ne da halinsa ya fi kusa da na laburare. An ɗora shi kan laburaren Werkzeug da na Jinja, sauran kuma ya bar wa magini. Mai buƙatar rumbun bayanai sai ya ɗauko SQLAlchemy ko makamancinsa ya haɗa da kansa.

Sauƙin Flask ba abin musu ba ne, da layukan da ba su kai goma ba shafi zai tashi. Sai dai nauyin da aka kauce wa a farko yana jira a gaba. Kowane laburare da aka ƙara yana da masu kula da shi daban, da lokacin sabunta shi daban, kuma magini ne zai tabbatar sun ci gaba da jituwa. Duniyar JavaScript ta ga haɗarin haka a watan Maris na 2016, lokacin da aka cire left-pad, kod mai layi 11, daga ma'ajiyar npm. Nan take girka manyan ayyuka irin su Babel ya gagara, har ga waɗanda ba su san sun dogara da left-pad ba.

Firamwok ma yana da tasa tsadar. An gina Django ne domin rumbunan da ke jera bayanai a tebur, kamar PostgreSQL da MySQL, don haka aikin da ya kauce wa wannan tsari yakan sha wahalar lanƙwasa shi.

Saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne tsawon rayuwar manhajar da yawan hannuwan da za su taɓa ta. Ƙaramar hidima mai aiki ɗaya, laburare ya ishe ta. Manhajar rajistar ɗalibai ko ta asibiti, wadda ma'aikata za su riƙa gada daga juna, ta fi dacewa da firamwok, domin sabon ma'aikaci ya riga ya san inda zai duba, kuma fitowar Django mai dogon tallafi tana samun gyaran tsaro na shekara 3.