Shagunan hayar finafinai: Tasowarsu, ƙasaitarsu da abin da ya tafi tare da su

Shagon hayar finafinai wuri ne da mutum ke biyan 'yan kuɗi kaɗan ya karɓi kaset ko faifan fim, ya je gida ya kalla, sannan ya mayar bayan kwana ɗaya ko biyu. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa wajejen 2010, da wuya a sami babban birni a duniya da ba a yin wannan sana'a a cikinsa. A Kano da Kaduna da Jos da Zariya har ta kai kusan kowace unguwa tana da nata shagon. Yau akasarin waɗannan shaguna sun koma wurin cajin waya ko na cire kuɗi, kuma matashin da bai kai shekara 20 ba sai an yi masa bayani kafin ya fahimci abin da ake nufi da hayar fim. Waɗanda suka ga zamanin kuwa suna yawan ambatonsa cikin bege, kuma begen nan yana da dalilai da suka cancanci a dube su.

Asalin sana'ar

Na'urar bidiyo ta gida ce ta haifi sana'ar. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, kuma bayan 'yan shekaru ana gasa VHS ta yi rinjaye. Matsalar ita ce kasetin fim na asali yana da tsada ƙwarai, domin a Amurka yakan kai dala 50 ko fiye, alhali yawancin mutane sau ɗaya ko biyu suke son kallon fim. Wani ɗan kasuwa mai suna George Atkinson ya ga wannan giɓi, sai ya buɗe shago a birnin Los Angeles a ƙarshen 1977 da finafinai 50 kacal, yana bayar da kowanne haya a kan dala 10 a kwana. Kamfanonin fim ba su ji daɗi ba, amma dokar ƙasar ta ba wanda ya sayi kwafi ta halastacciyar hanya ikon sayar da shi ko bayar da shi haya.

Kamfanin Blockbuster ne ya mayar da sana'ar gagarumar harka. David Cook ya kafa shi a birnin Dallas na jihar Texas a 1985, kuma ya zuwa 2004 yana da shaguna fiye da 9,000 a faɗin duniya. Wani kaso mai tsoka na kuɗin shigarsa daga tarar da ake cin waɗanda suka makara wajen mayar da fim yake fitowa, abin da ya daɗe yana ci wa abokan cinikinsa tuwo a ƙwarya. Netflix, wanda aka kafa a 1997, ya shiga ta wannan ƙofa: yana aika faifan DVD ta gidan waya a kan kuɗin wata-wata, babu tara. A shekarar 2000 masu Netflix suka yi wa Blockbuster tayin ya saye su a kan dala miliyan 50, aka ƙi. Bayan shekara 10, a watan Satumbar 2010, Blockbuster ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu. Tun daga 2019 shago ɗaya tak ya rage mai ɗauke da sunan, a garin Bend na jihar Oregon, kuma masu yawon buɗe ido da masu sayen riguna da kayan tsaraba suna cikin waɗanda ke riƙe da shi.

Yadda ta kafu a ƙasar Hausa

Labarin Arewacin Najeriya ya bi tasa hanyar daban, domin a nan babu wani babban kamfani mai rassa. Ƙananan 'yan kasuwa ne, kowa da ɗan shagonsa. Bidiyo ta fara shiga gidajen masu hali da manyan ma'aikata a zamanin arzikin man fetur, sannan sannu a hankali ta sauko zuwa gidajen masu matsakaicin ƙarfi. Abin da ake kallo a farko finafinan Indiya ne da na Amurka da na faɗan Chana irin na su Bruce Lee, kuma mafi yawansu kwafi ne na satar fasaha. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda finafinan Indiya ke shigowa Kano ta Dubai, a buga su a kaset da yawa, dillalan Kasuwar Ƙofar Wambai su rarraba su zuwa garuruwan Arewa da maƙwabtan ƙasashe. Shaƙuwa da 'yan wasan Indiya ta kai har an laƙaba musu sunayen Hausa: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Akwai wani dalili na al'ada da ya ba shagon haya daraja ta musamman a nan. Gidajen silima irin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba a Kano wurare ne na maza, kuma ba a yi musu kallon wurin da matar aure ko budurwa mai kamun kai za ta je. Kaset ya kai fim har tsakar gida. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar silima ba sai ga ta tana aiken yaro ya karɓo mata fim, ta kalla tare da kishiyoyi da maƙwabta. Waɗannan mata su ne suka zama ginshiƙin kasuwar finafinan Hausa lokacin da ta tashi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa labaran aure da kishi da soyayya suka mamaye ta.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na bidiyo na farko da ya yi kasuwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 harkar ta bunƙasa: mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, finafinai irin su Sangaya da Wasila da Mujadala suka cika gari. A wannan zamani ne shagunan haya suka kai ƙololuwa.

Ciki da wajen shagon

Fasalin shagon kusan iri ɗaya ne ko'ina. Fastoci a manne a ƙofa, kwalayen finafinai a jere a kan kanta, ainihin kasetin kuwa yana bayan mai shago, kowanne da lambarsa. Akwai talabijin ƙarama da ake gwada kaset a kanta, wadda ke tara yaran unguwa a bakin ƙofa. Sai kuma babban littafin da ake rubuta sunan mai karɓa da sunan fim da ranar dawowa. Shaguna da dama suna haɗawa da hayar littattafan soyayya na marubutan Kano, domin masu karatunsu su ne masu kallon.

Jarin sana'ar na haƙiƙa yarda ce. Baƙo sai ya yi rajista, ko ya ajiye kuɗin jingina, ko ya kawo wanda zai tsaya masa. Ɗan unguwa kuwa fuskarsa ta wadatar, wani lokaci ma sunan gidansu kawai yaro zai faɗa. Mai shago ya san gidan da ake son barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, ya san inda sai fim mai waƙa da rawa, ya san maigidan da ba ya yarda a shigar masa da wasu finafinai gida. Idan sabon fim ya fito kuma kwafi biyu ko uku ne a shagon, sai a bi layi, mai shago ya ɓoye wa na hannun damansa ɗaya a ƙarƙashin kanta. Wanda duk ya taɓa jiran kashi na biyu na wani fim har mako guda ya san yadda jira ke ƙara wa kallo armashi.

Ba a rasa ɓacin rai ba. Bidiyo takan cinye zaren kaset, a dawo da shi a tsinke an liƙe da salatif. Wani ya mayar ba tare da ya tariyo shi farko ba. Wutar lantarki takan ɗauke ana tsakiyar kallo, kaset ya maƙale a cikin na'ura har gobe, ga kuɗin ƙarin kwana yana hawa. Kuma kaset ɗaya da aka biya wa kuɗin gida guda yakan zaga gida uku kafin ya dawo.

Ƙorafin masu shirya fim

Wanda ke begen shagon haya ya kamata ya san cewa masu shirya finafinai ba su taɓa ganinsa da idon rahama ba. A tsarin da aka daɗe ana bi a Kano, furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa ya sayar wa dillalai, su kuma su buga kaset su sa a ciki. Ribarsa tana rataye ne da yawan kwalin da ya shiga kasuwa. Mai shagon haya kuwa kwafi ɗaya zai saya, mutum ɗari su kalla, sisin kwabo bai koma wa wanda ya zuba jarinsa ba. Wasu shagunan ma da kansu suke ƙara buga kwafi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin hayar bidiyo a 1999, amma aiwatar da su a kan dubban ƙananan shaguna ya gagara. A Kano, Hukumar Tace Finafinai ta jiha da aka kafa a 2001 ta shigo da batun rajista, kuma daga 2007 samame a shaguna ya yawaita, sai dai damuwarta ta fi karkata ga tarbiyya fiye da haƙƙin furodusa.

Duk da haka, adalci ne a ce shagon haya shi ya raini 'yan kallon da masana'antar ke tinƙaho da su. Mai sayen kaset sabo ɗan kaɗan ne. Ta hanyar haya ne sunayen 'yan wasa suka shiga kowane lungu.

Abin da ya kashe kasuwar

A Amurka intanet ce ta yi aikin, musamman bayan Netflix ya fara nuna finafinai kai tsaye a 2007. A Arewacin Najeriya rauni ya fara tun kafin intanet ta wadata. Da aka koma faifan CD da DVD, kwafi ya yi arha ƙwarai, har aka riƙa shigo da faifai mai ɗauke da finafinai goma ko ashirin a kan kuɗi kaɗan. Idan kuɗin saye ya kusa da na haya, hujjar haya ta faɗi. Faifai kuma ba ya jure hannu da yawa kamar kaset, ƙarzuwa kaɗan sai ya fara tsalle.

Daga nan wayar hannu mai katin memori ta zo, tare da masu tura finafinai, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Da kwamfuta ɗaya da kebur, matashi zai cika wa mutum waya da finafinai, ciki har da na Indiya masu fassarar Hausa irin na Algaita, babu batun mayarwa, babu tara. Masu shagunan haya da yawa sun koma wannan sana'a da kansu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango kyauta, sannan YouTube ya ƙarasa sauran, inda shirye-shirye irin su Izzar So ke samun miliyoyin masu kallo. Kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe, kuma shagon haya ya bi ta.

Taskar da ta watse

Mutane kan ce abin da suke kewa shi ne zaman hira a bakin shago, da shawarar mutumin da ya san su, da kallon da iyali ke haɗuwa su yi a gaban talabijin guda maimakon kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai asarar da ta fi wannan girma, kuma ba a cika zancenta ba. Kantocin shagunan haya su ne mafi kusa da laburaren finafinan Hausa da jama'a suka taɓa samu. Tsohon shago yakan ajiye fim na shekara goma baya, wanda dillali ya daina bugawa, wanda wataƙila shi kansa furodusan bai adana kwafinsa na asali ba. Da shagunan suka rufe, kasetin suka watse, wasu a buhu a ɗakin ajiya, wasu a bola. Abin da ya hau YouTube daga finafinan shekarun 1990 wani yanki ne kawai, kuma sau da yawa hotonsa a dushe.

Lokaci kuma ba ya jira. Zaren kaset yana lalacewa da shekaru, zafi da ƙura da laima suna gaggauta lalacewarsa. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin waɗannan kasetin suna dab da ƙarewa, kuma abin da ba a kwafe zuwa kwamfuta ba zai iya salwanta.

A wasu wurare an nemi mafita. Shagon Scarecrow Video na birnin Seattle, mai finafinai fiye da 100,000, ya koma cibiyar adana tarihi mai zaman kanta a 2014, jama'a na tallafa masa. A Najeriya akwai taskar finafinai ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya. Fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 kuma aka daɗe ana zaton ya ɓace, an gano shi cikin ajiyar hukumar, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shehu Umar ya tsira ne saboda gwamnati ce ta shirya shi kuma ta ajiye. Ɗaruruwan finafinan da matasan Kano suka yi da kuɗin aljihunsu ba su sami wannan gata ba, kuma kwafin da ya rage na wasunsu yana hannun tsofaffin masu shagunan haya da dillalan Ƙofar Wambai da ba su kai ga zubar da kayansu ba.