Sihiri da Halin Tauraro a Ƙagaggun Labaran Hausa, 1933 zuwa 1969

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin Hausa ya ambaci ƙagaggen labari mai sihiri da aljannu, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ba laifi, domin littafin ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai inuwar Imam ta rufe wasu marubuta da suka yi zamani da shi ko suka biyo bayansa. Wannan takarda za ta bi tarihin uku daga cikinsu, wato Bello Kagara da John Tafida da Ahmadu Ingawa, don a ga yadda suka yi amfani da sihiri wajen fito da halin tauraron labari.

2.0 Gasar 1933

A shekarar 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zagaya garuruwan Arewacin Nijeriya yana neman malamai su rubuta labarai da boko, saboda ƴan makaranta su sami abin karantawa. Daga wannan yunƙuri aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Waɗannan marubuta ba su da wani samfuri na ƙagaggen labari a Hausa da za su duba. Abin da ke hannunsu shi ne tatsuniya da almara da labaran yaƙi na baka, sai kuma littattafan Larabci irin su Alfu Laila. A duk waɗannan, sihiri abu ne da aka saba da shi, saboda haka ya shigo rubutu tare da su.

A Ruwan Bagaja, aljannu su ne ke taimaka wa Alhaji Imam ya kai ga ruwan da ya fita nema. Amma mai wayon da ya bar gida shi ne mai wayon da ya dawo. Tafiyar ta ƙara masa dukiya da daraja, ba ta taɓa halinsa ba.

3.0 Ganɗoki: jarumin da zamani ya wuce

Bello Kagara wan Abubakar Imam ne, amma sunansa bai kai inda na ƙanen ya kai ba. Tauraronsa Ganɗoki mayaƙi ne da ya yi karo da Turawa lokacin da suke cin ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20. Da aka ci su da yaƙi sai ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare. Daga nan labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljannu, inda Ganɗoki yake cin nasara a duk inda ya zare takobi.

Abin lura shi ne wurin da marubucin ya sa sihirin. Nasarar da ta gagari Ganɗoki a gaban bindigar Bature, ita ce ya samu a ƙasar aljannu. Da ya komo gida sai ya tarar da mulki ya sauya, abubuwan zamani sun shigo, takobi kuma ba ta da sauran aiki sai a labari.

4.0 Jiki Magayi: asirin da ya ci mai shi

John Tafida mutumin Wusasa ne kusa da Zariya. A labarin da ya rubuta tare da East, wani attajiri, Malam Shaihu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya bar gida, ya sha wuya a dazuzzuka, har ya samo maganin da ya lalata Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shaihu. Yaron ya zama ɓarawo, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba.

A nan asiri ya yi aikinsa daidai yadda aka nema, amma babu wanda ya ci riba. Abubakar da mai karatu ya tausaya wa a farko shi ne ya koma abin tsoro, kuma ya mutu bai more komai ba. Kyauta kuwa ya wayi gari yana tambayar kansa ko mugun halin da ya yi nasa ne ko ɗora masa aka yi. Wannan tambaya ce ta sa manazarta da dama suke ganin Jiki Magayi ya fi sauran huɗun shiga zuciyar ɗan Adam.

5.0 Iliya Ɗan Maiƙarfi: baƙon da ya zama ɗan gida

A farkon shekarun 1950, bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Tushen labarin hikayar Rasha ce ta Iliya Muromets, jarumin da ya zauna a gurgunce har ya shekara 33 kafin wasu matafiya su warkar da shi. Ingawa ya mayar da Sarki Vladimir na Kiev ya zama Waldima na birnin Kib, ya kuma sa wa labarin rigar Musulunci.

Iliya bai nemi ƙarfinsa ba, ba shi aka yi, kuma tare da nauyin taimakon jama'a. Saboda haka jigon ya koma kan abin da mutum zai yi da baiwar da ya samu. Bayan yaƙe-yaƙe masu yawa, Iliya ya roƙi Allah ya mayar da shi dutse. Jarumin da ya fara a zaune ya ƙare a tsaye wuri ɗaya, amma wannan karon da zaɓinsa.

6.0 Kammalawa

A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya. Jirgin sama jannati ya maye gurbin aljani, amma tsarin bai sauya ba: a fita, a ga abin mamaki, a dawo da sabon ido. Littattafan yaƙi da matsafa da suka yawaita a kasuwar Kano daga baya ma wannan hanya suka gada.

Don haka idan ɗalibi ya ɗauki irin wannan labari, kada ya tsaya ga ƙirga aljannu da layu. Ya kwatanta tauraron a shafin farko da shafin ƙarshe, ya duba abin da sihirin ya ba shi da abin da ya karɓe daga gare shi. A gwada wannan da Alhaji Imam da Abubakar na Jiki Magayi kafin darasi na gaba.