Zaɓen cike gurbin kansila: wa ke tsayawa, wa ke shirya shi, kuma yaya ake neman ƙuri'a?

Zaɓen cike gurbi shi ne wanda ake gudanarwa domin maye kujerar da ta zama babu kowa a kanta kafin wa'adin mai riƙe da ita ya cika. A matakin ƙaramar hukuma, kusan kullum kujerar kansila ce ake nufi, domin idan shugaban ƙaramar hukuma ya rasu ko ya sauka, mataimakinsa ne ke ɗarewa kujerar ba tare da an koma rumfar zaɓe ba. Kansila kuwa ba shi da mataimaki. Idan ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka yi masa kiranye, dole mazaɓarsa ta sake fitar da wani, in ba haka ba ta zauna babu wakili har ƙarshen zango.

Ya kamata a bambanta shi da zaɓen da ake sakewa bisa umarnin kotu, da kuma wanda ake ƙarasawa a rumfunan da aka soke ƙuri'unsu. A waɗannan biyun 'yan takarar farko ne ke sake karawa. A zaɓen cike gurbi kuwa sabon lale ake yi: jam'iyyu su tsayar da sababbin 'yan takara, a buɗe kamfe, a buga sabuwar takardar ƙuri'a.

Hukumar da ke da alhaki

Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, da mazaɓu 8,809 bisa lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC. Amma shida kaɗai daga cikin ƙananan hukumomin ne INEC ke shirya wa zaɓe, wato na Babban Birnin Tarayya: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Birnin Abuja da kewaye, waɗanda ke da mazaɓun kansiloli 62. Sauran 768 suna hannun hukumomin zaɓe na jihohi, irin su KANSIEC a Kano, waɗanda sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kafa. Gwamna ne ke naɗa shugabannin waɗannan hukumomi da amincewar majalisar dokokin jiha, kuma daga baitulmalin jiha ake ba su kuɗin aiki. Abu guda da ba su da iko a kansa shi ne rajistar masu zaɓe, wadda INEC ce ke tattara ta. Saboda haka katin zaɓen da aka zaɓi shugaban ƙasa da shi, shi ne dai ake zaɓen kansila da shi.

Wannan rabon aiki yana bayyana a sakamako. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021, jam'iyyar APC mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 baki ɗaya. A ranar 26 ga Oktoban 2024, bayan mulki ya koma hannun NNPP, ita ma ta lashe 44 da 484 ɗin, ba ta bar ko ɗaya ba. A Kaduna, cikin watan na Oktoba, APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. A Abuja kuwa, inda INEC ta shirya zaɓen 12 ga Fabrairun 2022, an yi raba daidai ne: PDP ta ci Birnin Abuja da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Da wuya mai hankali ya yarda cewa a mazaɓu 484 babu ko guda da jam'iyyar adawa ke da rinjaye a cikinta, musamman a jihar da ake fafatawa kan kujerar gwamna kamar za a tsaga ƙasa.

Abin da wannan ke nufi ga zaɓen cike gurbi shi ne, a yawancin jihohi ainihin takarar tana ƙarewa tun ranar da jam'iyya mai mulki ta miƙa sunan ɗan takararta.

Sharuɗɗan tsayawa takara

Kowace jiha tana da dokarta, amma ginshiƙan kusan ɗaya ne. Dole ɗan takara ya kasance ɗan Nijeriya, mai rajistar zaɓe, wanda ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya mai rajista ta tsayar da shi, domin tsarin mulki bai ba da damar takarar indifenda ba. Wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, ko wanda aka ayyana ya karye a kasuwanci bai farfaɗo ba, ko ɗan ƙungiyar asiri, ko wanda ya gabatar da takardun jabu, duk doka ta haramta musu.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa sharaɗin. Kotun Ƙoli, a shari'ar INEC da Balarabe Musa ta 2003, ta soke tanadin da ya hana ma'aikata zama mambobin jam'iyya. Amma tsayawa takara wani abu ne daban: sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. A zaɓen gama-gari wannan ba matsala ba ce, tunda ana sanin ranar tun da nisa. A zaɓen cike gurbi kuwa lokacin a matse yake. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi cewa a ƙananan hukumomin Abuja a cike gurbi cikin kwana 30 da samuwarsa, kuma sanarwar ranar zaɓen ba ta gaza kwana 14 ba. Malamin makaranta ko akawun da ke sha'awar kujerar zai iya tarar da cewa ƙofar ta rufe kafin ya gama shawara da iyalinsa.

Sai batun kuɗin fom, wanda ake biya sau biyu: ɗaya ga jam'iyya, ɗaya ga hukumar zaɓen jiha inda take karɓa. A 2024 KANSIEC ta fara sanya naira miliyan 10 ga mai neman shugabancin ƙaramar hukuma da miliyan 5 ga mai neman kansila, abin da ya jawo ƙorafi har aka je kotu. Abin lura shi ne, miliyan 5 ɗin ita ce iyakar abin da Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda mai neman kansila a Abuja ya kashe a ɗaukacin yaƙin neman zaɓensa, yayin da ta ƙayyade wa mai neman shugabanci miliyan 30. Kano ta kuma saba gindaya wa 'yan takara gwajin shan ƙwaya a hukumar NDLEA kafin a tantance su.

Yadda jam'iyya ke fitar da gwani

Dokar 2022 ta amince da hanyoyi uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke zaɓe, wadda aka fi sani da ƙato-bayan-ƙato idan layi ake yi, zaɓen wakilai, wato daliget, da kuma masalaha, wadda sai sauran masu nema sun rubuta cewa sun janye da yardarsu. A kujerar kansila masalaha ta fi yawa, kuma sau da yawa sunan kawai take amsawa. Shugaban jam'iyya na mazaɓa, da ciyaman mai ci, da ɗan majalisar jiha na yankin, da wani babba da ake kira jagora, su ne kan zauna su fitar da suna.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su a kowace doka ba amma suna da nauyi. Idan mutuwa ce ta kawo gurbin, akan ji kiran a bar wa ɗa ko ƙanen mamacin ya ƙarasa zangon, don jaje. Akwai kuma karɓa-karɓa tsakanin unguwanni ko ƙauyukan da suka haɗu a mazaɓa guda: ɓangaren da ya rasa kansilansa yakan ce zangonsa bai cika ba, ɗaya ɓangaren ya ce ai rabo ya juyo. Irin wannan taƙaddama, idan ba a kashe ta ba, ita ke haifar da angulu da kan zabo ranar zaɓe, inda 'yan jam'iyya ke yi wa ɗan takararsu zagon ƙasa.

Kamfe a mazaɓa guda

Mazaɓa ƙaramar da'ira ce, kuma ɗan takara ba baƙo ba ne. An san gidan da aka haife shi, an san sana'arsa, an san ko yana biyan bashi. Don haka manyan gangami ba su da amfani sosai. Aikin yana tafiya ne gida-gida da majalisa-majalisa, a teburin mai shayi, a wurin ɗaurin aure da suna da zaman makoki, da ganawa da shugabannin 'yan kasuwa, da direbobin tasha, da masu Adaidaita Sahu, da ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya. Mata kan shiga cikin gidaje inda maza ba sa iya shiga, kuma ƙuri'ar matan aure tana cikin waɗanda suka fi tabbata. Fasta da mota mai lasifika suna nan, an ƙara da zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wanda kuma ke da hali yakan sayi fili a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo, inda sojojin baka ke baje kolinsu. Kai gaisuwa ga mai unguwa da dagaci al'ada ce, ko da yake a ƙa'ida ba su da jam'iyya.

Dokar 2022 ta shata iyaka. Ta hana kamfe a masallaci da coci da ofishin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati, ta hana zagi da kalaman tunzura ƙabila ko addini, ta hana ɗaukar 'yan banga. Ana rufe kamfe awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma a ranar ba a neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa. Sayen ƙuri'a laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, hukuncin da dokar 2022 ta tanada shi ne tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Sashe na 150 ya ce hukumomin jihohi su bi tsarin da aka shimfiɗa wa Abuja, kuma zaɓen da ya saɓa masa ba shi da inganci. Duk da haka rabon taliya da sabulu da atamfa bai ɓuya ga kowa ba, kuma ba kasafai ake jin an gurfanar da wani ba.

Kansila yana cin zaɓe ne da rinjaye kawai, ko da na ƙuri'a ɗaya ne. Da yake mutane ba su cika fitowa zaɓen cike gurbi ba, wanda ya iya fito da magoya bayansa da sassafe, ya kuma ajiye wakili mai ido a kowace rumfa har a sa hannu a takardar sakamako, ya yi rabin aikin.

Abin da ke kan kujerar

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya damƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kula da shaguna da kes-kes da gidajen abinci da na burodi, da kwashe shara, da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da lasisin kekuna da amalanke, da hannu a ilimin firamare da lafiya. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗi da ƙananan dokokin da ake karɓar haraji da su. Ɗan kasuwar da ke kukan yawan rasit a bakin rumfarsa, sau da yawa daga wannan zauren kukan nasa ya samo asali.

Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, wanda shekara da shekaru yake bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan su kai-tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7 na tsarin mulki. Hukuncin ne ya sa jihohi da dama suka yi rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Bai taɓa ikon gwamnoni na naɗa shugabannin hukumomin zaɓen jihohi ba, kuma mayar da wannan zaɓe hannun INEC, kamar yadda wasu ke nema, sai an gyara tsarin mulki da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24.