Yadda Ma'adanai ke Bayyana Asalin Dutse: Basalt da Duwatsun Sakkwato

Basalt baƙin dutse ne mai nauyi wanda ke samuwa idan narkakken dutse ya fito daga cikin ƙasa ta hanyar aman wuta, da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200, sannan ya daskare. Masana ilimin ƙasa suna gane asalinsa ne ta hanyar nazarin ma'adanan da ke cikinsa.

Ƙwayoyin basalt ƙanana ne ƙwarai, domin ya yi saurin sanyaya a sarari. Amma a cikinsa akan ga manyan ƙwayoyi masu launin kore da ake kira olibin, waɗanda suka ginu sannu a hankali tun dutsen yana can ƙasa. Yawan sinadarin magniziyam a cikin olibin shi ke nuna cewa narkakken dutsen ya taso ne daga ƙarƙashin ɓawon duniya. Wani lokaci kuma yakan ɗauko gutsattsarin duwatsun wannan zurfi ya fito da su, kamar yadda ake gani a tsaunukan Biu na Jihar Borno, inda Tafkin Tila yake cikin bakin tsohon dutsen aman wuta. Akwai irinsa kuma a Panyam da Kerang a Jihar Filato.

Birnin Sakkwato da kewayensa kuwa ba a kan irin wannan dutse suke ba. Farar ƙasar Kalambaina, wadda kamfanin siminti ya fara sarrafawa a 1967, tana ɗauke da ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Haka nan jifsam da fosfat na yankin Dange a cikin ruwa suka taru. Ita kuma marmara da ke lulluɓe da tuddanmu, duk da duhun launinta, ruwan sama da zafin rana ne suka samar da ita, ba wuta ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu neman ma'adanai, domin kowane dutse da irin arzikin da yake ɗauke da shi. Don haka ana shawartar jama'a da su kai samfurin dutse wurin masana don a tantance shi kafin su zuba kuɗinsu a aikin haƙa.