Tseren Formula 1: Yadda masu ƙera inji ke riƙe da akalar ƙungiyoyi

Formula 1 ita ce gasar tseren motoci mafi girma a duniya. Motocinta masu kujera ɗaya ne, tayoyinsu a waje, kuma gudunsu yakan haura kilomita 300 cikin sa'a guda. An fara gasar a shekarar 1950 a filin Silverstone da ke Ingila, ƙarƙashin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA. Kowace ƙungiya tana shiga da motoci biyu, kuma kambu biyu ake nema a kowace kaka: na matuƙa da na ƙungiyoyi.

Wanda ya ci karo da tseren a talabijin zai ɗauka cewa matuƙi ne komai. Amma mafi yawan rigingimun da suka sauya tarihin gasar a kan inji aka yi su: wa ke ƙera shi, wa zai sayar wa, kuma a kan wane sharaɗi.

Mai inji da mai saye

Dokar gasar ta wajabta wa kowace ƙungiya ta tsara gangar jikin motarta da kanta, amma ba ta wajabta mata ƙera inji ba. Daga nan ƙungiyoyin suka rabu gida uku. Akwai masu ƙera jiki da inji duka, kamar Ferrari ta Italiya, wadda ba ta taɓa fashin kaka ba tun 1950, da kuma Mercedes ta Jamus. Akwai masu ƙawance na musamman da wani kamfanin motoci, wanda zai ƙera musu inji daidai da motarsu. Sai kuma masu saye, waɗanda ke biyan miliyoyin daloli a kowace shekara su karɓi injin da aka tsara domin motar wani.

Manomi a Funtuwa ko Malumfashi ya san wannan matsayi na uku sarai. Idan ruwan shuka ya sauka, mai tarakta gonarsa yake fara yi wa huɗa, sannan ya waiwayi masu haya, ko da kuwa sun biya tun da rani. Bambancin kawai shi ne, a Formula 1 mai haya da mai tarakta gasa suke yi da juna a fili ɗaya, kuma wanda ya riga shi ne ke kwashe kuɗin lada mafi tsoka.

Zamanin da inji ya zama na kowa

An taɓa yin lokacin da masu saye suka fi kowa morewa. Kamfanin Ford ya zuba fam 100,000 domin wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna Cosworth ya ƙera injin da aka kira DFV, wanda ya fito a 1967. Ranar farko da aka shiga tsere da shi, a ƙasar Holan, Jim Clark na ƙungiyar Lotus ya yi nasara. Daga 1968 aka fara sayar da shi ga sauran ƙungiyoyi, kuma kafin ƙarshen 1983 ya ci tsere 155. Da yake Ford ba shi da ƙungiyar kansa a gasar a lokacin, ba shi da dalilin fifita wani mai saye domin kare kansa. Da wannan inji ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su McLaren, Tyrrell da Williams suka ci kambuna.

Wannan zamani ya shuɗe bayan da Renault ta Faransa ta shigo da inji mai turbo a 1977. Kuɗin bincike ya yi tashin gwauron zabo, ya zamana sai manyan kamfanonin motoci ne ke iya ɗaukar nauyinsa.

Honda, Williams da McLaren

Misalin da aka fi kafa hujja da shi kan haɗarin dogaro da injin wani shi ne na Williams. Ta ci kambun ƙungiyoyi a 1986 da 1987 da injin Honda na Japan. Duk da haka, a ƙarshen 1987 Honda ta janye daga gare ta, ta kai injinta McLaren. A 1988 McLaren, da matuƙanta Ayrton Senna da Alain Prost, ta ci tsere 15 cikin 16. Williams kuwa, da ta koma sayen inji daga ƙaramin kamfanin Judd, ba ta ci ko ɗaya ba, ta ƙare a matsayi na bakwai. Shekara ɗaya tak ke tsakanin sarautarta da faɗuwarta.

Williams ta farfaɗo ne bayan ta ƙulla da Renault, inda ta ci kambun ƙungiyoyi sau biyar tsakanin 1992 da 1997. Shekarar da ya kuɓuce mata, wato 1995, ita ce shekarar da Renault ta fara bai wa abokiyar hamayyarta Benetton irin wannan inji, Michael Schumacher ya yi amfani da shi ya doke ta.

Rikicin Red Bull da Renault

Red Bull ta ci kambunan matuƙa da na ƙungiyoyi shekara huɗu a jere, daga 2010 zuwa 2013, da injin Renault da matuƙi Sebastian Vettel. A 2014 aka sauya doka, aka koma ƙaramin inji mai lita 1.6 da ke haɗa ƙarfin fetur da na lantarki. Mercedes ta fi kowa shiri, ta riƙe kambun ƙungiyoyi shekara takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021. Injin Renault ya gaza, shugabannin Red Bull suka dinga caccakarsa a bainar jama'a, har dangantaka ta yi tsami a 2015.

A nan siyasar inji ta fito fili. Red Bull ta nemi injin Mercedes, Mercedes ta ƙi, domin ba ta ga dalilin wasa wuƙar da za a yanka ta da ita ba. Tattaunawa da Ferrari ma ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Mai kamfanin Red Bull, Dietrich Mateschitz, ya yi barazanar ficewa daga gasar baki ɗaya. Daga ƙarshe ƙungiyar ta koma wa Renault ɗin da ta gama kushewa, aka liƙa wa injin sunan kamfanin agogo na TAG Heuer daga 2016 zuwa 2018. Ƙanwarta Toro Rosso kuwa, injin Ferrari na shekarar da ta gabata ta yi tsere da shi a 2016.

Wannan dambarwa ce ta sa FIA ta shigo da ƙa'idar da za ta iya tilasta wa mai ƙera inji ya sayar wa ƙungiyar da ta rasa. A 2018 kuma ta umarci masu ƙerawa su bai wa masu saye inji da manhajar sarrafa shi iri ɗaya da nasu.

Inji ɗaya, sakamako biyu

A daidai wannan lokaci McLaren ta rabu da Mercedes, ta koma wa Honda a 2015, bisa hujjar shugabanta Ron Dennis cewa mai sayen inji ba zai ci kambu ba. Auren bai yi albarka ba. Injin ya yi ta lalacewa, ƙungiyar ta ƙare ta tara a 2015 da 2017, har Fernando Alonso ya kwatanta injin da na ƙaramar gasa ana tsakiyar tsere a Suzuka, filin da Honda ta mallaka. Aka rabu baram-baram a ƙarshen 2017.

Honda ta koma Toro Rosso a 2018, sannan Red Bull a 2019. Da injin da asalinsa na Honda ne Max Verstappen ya ci kambun matuƙa huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma a 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22. McLaren kuwa ta koma sayen injin Mercedes a 2021, ta ci kambun ƙungiyoyi a 2024, karon farko tun 1998, ta sake ci a 2025, tana gaban Mercedes ɗin da ke sayar mata. Wato dokar daidaito ta 2018, tare da ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe da aka fara a 2021 a kan dala miliyan 145, sun rage tazarar da ke tsakanin mai inji da mai saye.

Ba su kawar da ita ba. Mai inji ya san girmansa da nauyinsa da yadda yake ɗaukar zafi tun kafin kowa, don haka yakan riga masu saye tsara mota. Yakan kuma ajiye matasan matuƙansa a ƙungiyoyin da ke saye a wurinsa: Charles Leclerc ya yi 2018 a Sauber kafin Ferrari ta ɗauke shi, George Russell ya yi shekara uku a Williams kafin ya koma Mercedes a 2022. An kuma sha zargin cewa idan aka zo ƙuri'a kan sauya doka, masu saye ba sa son saɓa wa uban gidansu.

Sabon rabo na 2026

Dokar 2026 ta ɗaga ƙarfin lantarki zuwa kusan rabin ƙarfin mota, ta kuma wajabta man da ba daga rijiyar ɗanyen mai aka samo shi ba. Wannan ya sake raba ƙawance. Mercedes na bai wa kanta da McLaren da Williams da Alpine. Ferrari na bai wa kanta da Haas da sabuwar ƙungiyar Cadillac ta Amurka. Honda ta koma Aston Martin. Audi ta Jamus ta sayi Sauber, ta shigo da injinta. Red Bull, bayan wahalar da ta sha, ta gina masana'antar injinta a Milton Keynes tare da haɗin gwiwar Ford. Renault kuwa ta daina ƙera injin gasar, har ƙungiyarta Alpine ta zama mai saye.

Akwai kuɗin gwamnatoci a bayan waɗannan sunaye. Kamfanin man Malesiya, Petronas, yana tare da Mercedes, Aramco na Saudiyya yana tare da Aston Martin, asusun zuba jarin Bahrain ne ke da kaso mafi girma a McLaren, na Qatar kuma ya sayi hannun jari a ƙungiyar Audi.

Ina Najeriya a ciki?

Rabon Afirka da karɓar wannan tsere tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. A Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar da cewa Ruwanda na nema, a 2025 kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko, ta bayyana sha'awar kawo shi Abuja. Ƙasar da ke karɓar baƙuncin tseren ita ke gina fili, ita ke biyan kamfanin Liberty Media mai gasar kuɗi a kowace shekara, motoci da injuna kuma su zo a jirgi su koma a jirgi.

Najeriya ta taɓa zama mai saye a fagen da ya fi tsere muhimmanci. A shekarun 1970 gwamnati ta yi ƙawance da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Fiat a Kano, da Steyr mai haɗa taraktoci da manyan motoci a Bauchi. Injunan daga Turai ake kawo su cikin akwatuna. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kuɗin shigo da kayan ya gagara, aiki ya ja baya ƙwarai. Har yau taraktar da ke huɗa gonakin masara da auduga a Bakori da Ƙafur, da injin ban ruwa na 'yan noman rani, da babur ɗin ɗan acaɓa, duk injinsu daga waje yake zuwa, farashin kayan gyaransu kuma yana bin dala.

Don haka idan maganar tseren Abuja ta sake tasowa, akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa masu neman kawo shi: nawa za a biya a shekara, daga aljihun wa, kwangilar ta shekara nawa ce, kuma injiniyoyi da makanikai nawa na ƙasar nan za ta horar.